Motsa Jiki Ba Sai an Je Jim Ba: Yadda Sabo Ke Kama Jiki

Yawancinmu a gaban likita muke fara jin maganar. An ɗaura maka abin awon jini a dantse, ya matse ya saki, likita ya dubi lambar ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Malam, a rage gishiri da magi, kuma a riƙa motsa jiki." Ka ce to. A hanyar gida kana ta saƙe-saƙe, abin da ke fara faɗo maka a rai kuwa shi ne gidan motsa jiki, wato jim, irin na manyan otal-otal: madubi bango guda, kiɗa kamar zai fasa kunne, ga samari masu ƙirar samudawa suna nishi a ƙarƙashin ƙarfe.

Ni ma na bi wannan hanyar. Na biya kuɗin wata uku a wani irin wannan wuri, na sayi kambas da dogon wando, na je sau shida. Ranar farko da ɗoki, rana ta biyu da ciwon cinya, sauran huɗun kuwa don jin zafin kuɗina. Daga nan kambas ya koma ƙarƙashin gado yana shan ƙura, ni kuma na yanke wa kaina hukuncin cewa rago ne ni. Na daɗe da wannan hukunci a wuya kafin na gane cewa an yi shari'ar ne ba tare da an saurari shaidu ba.

Shaida na farko daga Amurka yake. Wasu masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun bi bayanan mutum sama da 7,000 a gidajen motsa jiki uku, suka fitar da sakamako a 2006. Masu biyan kuɗin wata, sama da dala 70, sau huɗu da ɗan ɗoriya suke leƙawa a wata. In aka raba, kowane zuwa ya tsaya musu a kan fiye da dala 17, alhali da tikitin shiga goma suka saya, dala 10 za su riƙa biya a kowane zuwa. Wannan fa a ƙasar da ba a ɗauke wuta, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga mota a ƙofar gida. Mutum yana biyan kuɗin ne da hoton wanda yake fatan zama, amma wanda zai tashi daga kan katifa da sassafe shi ne dai na jiya.

Shaida na biyu shi ne jikin kansa. Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard, wanda ya daɗe yana nazarin halittar jikin ɗan'adam, yana da wata magana mai sauƙi: a mafi yawan tarihi abinci ba a banza ake samunsa ba, don haka jiki ba ya son ɓarnatar da ƙarfi sai a kan larura ko nishaɗi. Duba rayuwar kakanninmu ka ga gaskiyar wannan. Ta fuskar larura akwai huɗa da noman farko da maimai, akwai surfe da daka da niƙa, da jan guga a rijiya gaba ashirin, da faskare. Fatake suna tashi daga Kano a ƙasa, su yi watanni a hanyar Gwanja don goro. Ta fuskar nishaɗi kuwa, da kaka ta yi sai dandali ya cika: kokawa, dambe, langa, 'yan mata na gaɗa har dare ya raba. Babu wanda ya taɓa jin kakarsa ta ce "bari in je in motsa jiki." Ta dai ce za ta je rafi, ko za ta gidan suna a ƙauyen gaba. Ga wanda ba ya son jim, wurin ba shi da ko ɗaya cikin biyun. Ka yi gudu na rabin awa a kan inji, ka sauka inda ka hau, ba ka kai saƙo ba, ba ka kuma ji daɗi ba. In jiki ya yi tawaye, ai da hujjarsa.

Abin dariya ma, kakan wannan injin na tafiya a wuri ɗaya a kurkuku aka haife shi. Wani injiniya ɗan Ingila, William Cubitt, shi ya ƙera shi a 1818 don fursunoni su riƙa takawa awa da awanni. Mu ma nan ba mu rasa namu ba. Wane ne a cikinmu bai yi tsallen kwaɗo a makaranta ba saboda makara? Wa ya tsira daga kamun kunne, ko zagaye filin ƙwallo sau biyar cikin rana? Har kalma gare mu, gwale-gwale. Yaron da ya tashi ya san cewa in ya ga ana haki ana gumi to laifi aka yi, da wuya ya girma ya ɗauki kuɗinsa ya kai inda za a riƙa yi masa tsawa ana cewa saura goma.

Kafin mu yi nisa, a ware waɗanda maganar ba ta shafa ba. Manomi da ɗan dako da mai ga-ruwa da macen ƙauye da ke yini tsakanin turmi da rijiya, su hutu da abinci mai kyau suke buƙata. Wannan ciwon na birni ne, na ma'aikacin ofis, da ɗan kasuwar da ke yini a kan benci, da direba, da tela, da uwargidan da komai sai dai a aiki yaro. Cikin shekaru talatin zuwa arba'in rayuwa ta zare mana motsi ɗaya bayan ɗaya ba mu ankara ba. Acaɓa ta zo ta kashe tafiyar ƙasa. Da gwamnatin Kano ta hana haya da babur a farkon 2013, A Daidaita Sahu ta cike gurbin, har ta kai mutum yana tsayawa jiran keke na minti goma don tafiyar da ƙafa za ta yi a minti bakwai. Injin markaɗe ya karɓi aikin dutsen niƙa. Gaisuwar da a da sai ka taka ka je, yanzu waya ta ɗauke. Ba kuka nake da ko ɗaya ba, wanda duk ya ga tafin hannun mai daka ba zai so a koma ba. Sai dai motsin da ya tafi, babu abin da ya maye shi.

Cewa wannan rashi yana kisa, tun 1953 aka nuna. Wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin motocin bas masu hawa biyu da kwandastocinsu. Aiki ɗaya, mota ɗaya, amma direba a zaune yake yini, kwandasta kuwa yana ta hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin kashe su. Ya sake ganin haka tsakanin masu raba wasiƙa a ƙasa ko a keke da abokan aikinsu na zaman ofis. Babu ko ɗaya cikin kwandastocin nan da aka yaba wa don zuwa jim. Matakalar mota ce ta yi aikin.

To nawa ake buƙata? Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar. A tsohuwar ƙa'ida sai motsi ya kai minti goma a jere ake lissafa shi, a sabuwar an cire wannan sharaɗi, ko minti uku ne ya shiga lissafi. Matsakaici kuwa ba sai da agogon zamani ake gane shi ba: in kana iya hira amma ba za ka iya rera waƙa ko jan aya da ƙira'a ba, kana kan layi. Hukumar ta ce a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan mizani.

Shi kuma taku 10,000 da wayoyi ke ta tsoratar da mutane da shi, asalinsa talla ce. A 1965 wani kamfani a Japan ya fito da na'urar ƙirga taku ya sa mata sunan da ke nufin ma'aunin taku dubu goma, lambar ta zauna. Da I-Min Lee ta Harvard ta bi tsofaffin mata sama da 16,000, a binciken da ya fito a 2019, ta ga masu taku kusan 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Riba mafi girma tana wurin wanda ya tashi daga babu zuwa kaɗan.

Sanin duk wannan bai taɓa fitar da kowa daga gida ba. A nan ne ainihin matsalar take, kuma a nan nake ganin mun fi Bature sa'a ba mu sani ba.

Sabo yana kafuwa ne idan aka riƙa maimaita abu ɗaya a bayan wata alama ɗaya, har ƙwaƙwalwa ta daina tambaya. Ba ka shawara da kanka kafin ka cire takalmi a ƙofar masallaci, ƙofar ce ke cire maka shi. Wanda ya ce "zan riƙa motsa jiki idan na samu lokaci" ya bar wa kansa shawara sabuwa kullum, kuma a kowace shawara gajiya tana da ƙuri'a. A wani bincike da aka yi da ɗalibai a Birtaniya aka wallafa a 2002, waɗanda aka sa suka rubuta rana da lokaci da wurin da za su motsa jiki, kashi 91 cikin 100 sun aikata. Waɗanda aka yi wa wa'azin illar ciwon zuciya kawai, da waɗanda ba a ce musu komai ba, ba su kai kashi 40 ba. Binciken na ɗan gajeren lokaci ne, amma darasin ya fito: wa'azi bai ƙara komai ba, ajiye lokaci ne ya yi aiki.

Masu ba da shawara a Turai suna ta fama su nemo wa mutum turken da zai ɗaura sabon sabo a jiki, wai bayan goge baki, wai bayan shan kofi. Musulmin Bahaushe kuwa yana da turaku biyar da ba sa motsi, ko ana ruwa ko ana sanyi, kuma tun yana yaro aka kafa masa su. Wanda ya fita sallar Asuba ya riga ya ci rabin yaƙin: ya tashi, ya taɓa ruwa, ya sa takalmi, yana waje. Abin da ya rage shi ne in an sallame, ya gama azkar, kada ya bi gajeriyar hanyar gida. Ya zagaya ta bayan makarantar firamare, ya ɓullo ta bakin titi, minti goma sha biyar. Haka bayan La'asar ga wanda rana ta yi masa sauƙi, haka bayan Isha'i, wadda ke da wata fa'ida ta daban ga mai cin tuwon dare da wuri, domin tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga jini, shi ya sa 'yar tafiya bayan cin abinci ke rage hauhawarsa.

A lura, na ce bayan salla. Hadisi ya hana a taho wa salla da gudu, an ce a zo da natsuwa, don haka saurin na dawowa ne. Yawan taku zuwa masallaci kuwa sananne ne a addini. Lokacin da Banu Salima suka so su taso su dawo kusa da masallacin Annabi (SAW), cewa ya yi su zauna a gidajensu, ana rubuta musu sawunsu. Ba ina cewa a mai da ibada atisaye ba ne, niyya tana nan inda take. Amma mutumin da ke tayar da mota don masallacin Juma'ar da bai kai kilomita ɗaya ba, ya sha wahalar neman wurin ajiye ta, ya kuma maƙale a cunkoso bayan an idar, ya yi asara ta fuska fiye da ɗaya. Wanda ba Musulmi ba, ko wanda aikinsa bai bar shi ya bi wannan tsari ba, yana da nasa turakun: raka yara makaranta, buɗe shago, sauka daga mota tasha ɗaya kafin wurin aiki. Sharaɗin dai ya zama abin da ke faruwa kullum ko da kai ko ba kai.

Sai maganar kwana nawa. An daɗe ana yaɗa cewa kwana 21 ke kafa sabo. Wannan daga wani likitan tiyatar gyaran fuska ne a Amurka, Maxwell Maltz, wanda a 1960 ya rubuta cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Da Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan suka gwada abin da gaske, da mutum 96 na tsawon mako 12, sai suka ga matsakaicin lokacin kwana 66 ne, wani 18, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Sabon motsa jiki ya fi na shan ruwa ko cin 'ya'yan itace jinkirin kamawa. Ke nan wanda ya yi mako uku ya ji har yanzu da ƙyar yake fita, lafiyarsa lau, bai dai kai ba ne.

Kuskuren da ya fi kashe mutane a makon farko shi ne zafin nema. Mutum ya shekara goma bai yi gudu ba, ranar da ya yi niyya sai ya ce sai ya zagaye filin sukuwa. Ko kuwa magidanta masu tumbi su haɗu ranar Lahadi a buga ƙwallo kamar 'yan shekara ashirin, a tashi da targaɗe. Masu nazarin yadda mutum ke ji a lokacin motsa jiki, irin su Panteleimon Ekkekakis, sun nuna cewa da zarar an wuce inda numfashi ke fara sarƙewa, daɗi yana raguwa ga kusan kowa, kuma abin da mutum ya ji a lokacin shi ke faɗa masa ko ya koma ko kar ya koma. Ga kuma tsamin jiki da ke tasowa kwana ɗaya zuwa biyu bayan aikin da ba a saba ba. Ra'ayina shi ne a watan farko mutum ya tsaya tun yana marmari, ya dawo gida yana jin da ma ya ƙara. Abin da ake ginawa a lokacin fitar ce, ƙarfin zai biyo baya. Hadisin Nana A'isha da ke cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, a kan ibada ya zo, amma duk wanda ya taɓa sayen kambas ya san hikimar ta wuce nan.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba su san da shi ba, wato idon jama'a. A wurinmu babban mutum ba ya sauri, balle gudu. Tafiyar ƙasaita ake so, kuma tumbi shaidar an samu ne. Ka fito da ƙafa da safe, kafin ka kai bakin layi mutum uku sun tsaya: "Alhaji lafiya? Motar ce ta samu matsala? Bismillah in rage maka hanya." In ka ce motsa jiki kake, sai a yi murmushi a ce, "Allah ya ba da lafiya," an riga an yanke cewa suga ce ta kama ka. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya jefa mutane cikin ƙunci, ba abin yabo ba ne, amma ya rage wannan gorin, don yanzu mai mota a ƙasa ba labari ba ne. Maganin sauran kunyar kuwa abokin tafiya ne. Mutum ɗaya da sassarfa abin kallo ne, dattawa uku suna tafe suna hira kuwa babu mai waiwayensu. Abokin yana da wani amfanin: wanda ya san maƙwabcinsa na tsaye a ƙofar gida yana jiransa, kunyar da ke hana shi fita ita za ta fito da shi. Shi ya sa masu taruwa da safe a Murtala Square a Kaduna, ko bakin tafkin Jabi a Abuja, ko harabar filin wasa na Seyni Kountché a Yamai suka fi mai injin gudu a ɗaki ɗorewa. Rabin abin da ke kai su zumunci ne.

Mata sun fi shan wuya a nan, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. A alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, kashi 34 na mata ne ba sa samun isasshen motsi, maza kashi 29. Matar aure a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba za ta fita titi da gudu ba, kuma wanda ya ba ta wannan shawara bai san garin ba. Ga al'adar da ke yaba ƙiba, amarya in ba ta murje ba a ce miji ba ya kula da ita, har wasu na shan magungunan sa ƙiba masu haɗari. Sau da yawa kuma uwargida za ta ce, "Ni da nake yini a tsaye, wane motsa jiki kuma?" Tana da gaskiya ta wani ɓangare. Wanki da hannu da gugar ɗaki da daka duk suna shiga lissafi in sun sa numfashi ya ɗaga. Amma tsayuwa a gaban murhu gajiya take kawowa, ba ta sa zuciya aiki. Abin da na ga yana yiwuwa shi ne wanda bai nemi a yi faɗa da kowa ba: tafiya Islamiyya a ƙasa tare da maƙwabta maimakon shiga keke, tsallen igiya a tsakar gida ga mai lafiyar gwiwa, rufe ƙofa a saka kiɗa a taka tare da yara, ai gaɗa ba baƙuwa ba ce. Maigida kuma yana da rawar takawa, ko dai ya raka ta zagaye bayan Isha'i, ko aƙalla ya bar yi mata dariya. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu.

Yanayi da tsaro kuwa sai dai a yi dabara. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, don haka in ba sanyin safiya ba sai bayan faɗuwar rana, da ruwa a hannu. Ranar da hazo ya yi kauri a hunturu, mai asma ya yi nasa a ɗaki. Da azumi, bayan Tarawihi ya fi. Wasu na son haɗa tafiya da sauraron abin da suke so, tafsiri ko labaran safe ko littafin da ake karantawa, kuma dabara ce mai kyau in aka ce ba za a saurara ba sai ana tafe. Amma a unguwar da masu ƙwacen waya ke yawo da asuba, a bar wayar a gida, a jira gari ya ɗan waye, a bi inda mutane suke. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko suga ya fara jin ta bakin likitansa, wanda ya ji ƙirji ya riƙe ko jiri ya tsaya nan take. Mai suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa bayan tafiya, mai sikila kuma ya kiyayi ƙishirwa da wuce ƙima.

Wani gyara da ya zama dole in yi wa masu cewa tafiya ta wadatar: ba ta wadatar ba. Nan ne 'yan jim suka fi mu gaskiya. Daga wajen shekara talatin tsoka kan fara raguwa a hankali, bayan sittin kuma abin ya ƙara sauri. Dubi kujerun da ke ƙaruwa a gefen sahu a masallatanmu. Wasu ciwon gaɓɓai ne ko tsohon rauni, amma raunin cinya yana da nasa kaso. Sai dai ƙarfafa tsoka ba ya buƙatar madubi da kiɗa. Samarin unguwa da ke cika gwangwani da siminti su soka ƙarfe a tsakiya sun daɗe da gane haka. Tashi da zama daga kan kujera ba tare da dafa komai ba, sau goma, a huta, a sake. Tura bango da hannu biyu, in an ƙware a koma ƙasa. Ɗaukar galan na ruwa a kowane hannu a zagaya tsakar gida, lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka kowa na iya auna nasa. Minti goma, sau biyu a mako, kafin wankan safe, tunda wankan ma turke ne.

Abin da ya fi sa mutane ajiye kambas bayan wata biyu shi ne sikeli. An yi ta tafiya, an hau ma'auni, allura ba ta motsa ba. Lissafin ne ba ya goyon baya: tafiyar rabin awa da sauri tana ƙona kusan abin da ke cikin lemon kwalba guda, wanda ake shanyewa a minti biyu. Herman Pontzer da abokansa ma sun auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu yini a tafe, suka ba da rahoto a 2012 cewa ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a rana, in aka yi la'akari da girman jiki, bai wani bambanta da na mazauna biranen Turai da Amurka ba. Jiki yana da hanyoyin tsuke bakin aljihunsa. Rage ƙiba yawancinsa a kwano yake. Amfanin motsi yana wasu wuraren: hawan jini ya sauko, barci ya yi daɗi, rai ya yi sanyi. A wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002, da mutum sama da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka ɗora a kan motsi na minti 150 a mako tare da gyaran abinci da ɗan rage nauyi, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin, kashi 31. Don haka a canza ma'auni. Benen da kake hawa kana haki, yanzu fa? Maniyyaci ya tuna cewa sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da jifa. Bakano kuma yana da Dala a tsakiyar gari, ya hau yau, ya koma bayan wata uku ya ji bambanci.

Yankewa kuwa dole ce. Zazzaɓin damina zai kwantar da kai, za a yi rasuwa a yi zaman makoki, tafiya za ta taso. A binciken Lally, tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Inda ake faɗuwa shi ne bayan mako biyu, lokacin da mutum ya ce sai ya samu ƙarfin da zai koma daidai inda ya tsaya, ranar kuma ba ta zuwa. Bara zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara. Ranar da na koma, iyakata teburin mai shayin bakin layinmu, tafiyar da ba ta fi minti huɗu ba, ƙafafuna suna rawa. Yana firfita wuta ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, kwana biyu. Har na tambayi Liman ko tafiya ka yi." Na zauna a bencinsa na huta, na juyo gida. Washegari na wuce shi har zuwa gidan mai.